Sallar Yaron da Iyayensa Suka Rabu

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da Ya kai mu wannan wata mai alfarma, Ya kuma nuna mana goman ƙarshensa muna da rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu sauraro, maza da mata, na cikin birnin Maraɗi da na Tsibiri da na Jiratawa da sauran garuruwan da muryarmu take isa, darasinmu na yau ya shafi Salla, ya kuma shafi wasu yara da ba su da bakin da za su kawo ƙararsu da kansu.

Duk wanda ya bi ta Sabon Gari a waɗannan darare bayan an idar da asham zai ji ƙarar kekunan ɗinki har kusan sahur. Teloli sun fara mayar da masu kawo sabon aiki, masu kitso da masu lalle sun fara ba da rana, babbar kasuwa kuwa ranar Litinin da Juma'a sai da ƙyar ake ratsa ta. Kowane magidanci yana lissafin kawunan da zai ɗinka wa. A cikin wannan lissafi akwai yaron da ake yawan tsallakewa, shi ne wanda aure ya mutu tsakanin uwarsa da ubansa. Uban yana cewa ai yana hannun uwarsa, ita ta san yadda za ta yi da shi. Uwar tana cewa ai yana da uba, ba ita za ta ɗauke masa nauyi ba. Haka za a yi ta jifa da shi har a ga wata, a wayi gari sa'o'insa sun fito fes, shi yana raɓe a bakin zaure da tsohuwar rigarsa. Maraya yakan sami mai tausaya masa, domin kowa ya san ubansa ya rasu. Wannan kuwa iyayensa duka biyu suna raye, saboda haka ba wanda yake ganin wajibi ne ya shiga lamarinsa.

Abin da saki ya yanke da abin da ya bari

Saki halal ne a cikin addininmu, ba ma kuma zargin wanda zama ya gagare shi ya rabu da abokin zamansa. Allah ne Ya buɗe wannan ƙofa saboda Ya san halin bayinSa. Sai dai ya kamata mu san iyakar abin da saki yake yankewa. Igiyar aure yake yankewa tsakanin miji da mata, idan idda ta cika kowa ya kama gabansa. Nasabar ɗa kuwa ba ta yankewa. Mace takan tashi daga matar wane ta koma bazawara, amma ba ta tashi daga uwar wane har abada. Haka namiji yakan zama tsohon miji, ba a kuwa taɓa jin tsohon uba ba.

Alƙur'ani mai girma bai bar wannan wuri a buɗe ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta zo a tsakiyar ayoyin saki, ta ƙayyade cikakkiyar shayarwa da shekara biyu, ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a wuyan uba gwargwadon ikonsa, ta hana a mayar da ɗa makamin cutar da uwarsa ko na cutar da ubansa, ta kuma rataya yaye kafin lokaci a kan yardar su biyun da shawararsu. Aya ta 6 da ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ su ma sun umurci waɗanda suka rabu da su riƙa shawara a tsakaninsu cikin kyautatawa, mai yalwa ya ciyar daidai yalwarsa, mai ƙaramin ƙarfi ya ciyar daidai abin da aka hore masa. To idan Allah Ya ce a yi shawara kan ranar da za a cire jariri daga nono, ashe shawara kan inda yaro zai kwana daren Salla, da wanda zai ɗinka masa, da wanda zai kai shi idi, tana cikin abin da addini yake nema daga gare mu. Wanda ya rantse cewa shi da uwar ƴaƴansa ko gaisuwa babu, ko ta hanyar ɗan aike, ya rufe ƙofar da Alƙur'ani ya buɗe.

Wa ke da riƙo?

Yawancin rigimar Salla daga rigimar riƙo take tasowa, don haka bari mu faɗi hukuncin yadda yake a mazhabar Imam Malik, wadda ita ce ake karantarwa a zaurukanmu. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, da kuma Muktasar na Shehu Halil, uwa ce ta fi kowa cancantar riƙon ɗanta bayan rabuwa: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo yakan koma hannun kakarsa ta wajen uwa, bayanta kuma ƴar'uwar uwarsa, sannan a gangaro ga sauran dangi bisa jerin da malamai suka tsara. Uba kuwa yana nan da waliccinsa: shi ne mai ciyarwa, shi ne mai sa ido a kan tarbiyya da karatu, ba kuma wanda yake da ikon hana shi ganin ɗansa.

Wannan hukunci yana da tushe. Abu Dawuda ya ruwaito labarin matar da ta kawo kuka wurin Manzon Allah, Sallallahu alaihi wasallam, cewa mijinta ya sake ta yana kuma neman ƙwace ɗan da ta ɗauki cikinsa ta shayar da shi ta raine shi, sai ya hukunta mata riƙonsa muddin ba ta yi wani aure ba. A cikin Muwaɗɗa kuma Imam Malik ya kawo abin da ya faru ga Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina wadda ta haifa masa ɗa mai suna Asim. Wata rana ya je Ƙuba, ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, sai ya ɗauke shi ya aza a kan dabbarsa. Kakar yaron ta biyo shi tana jayayya, har suka isa gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya ce a bar mata yaron, Umar kuwa bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Wannan Asim ɗin shi ne ya zama kakan Umar ɗan Abdul'aziz ta wajen uwa, halifan da har yau ake buga misali da adalcinsa. Mu duba, jama'a: mutum kamar Umar, da ƙarfinsa da kwarjininsa, tsohuwa ta kai shi ƙara a kan ɗan cikinsa, aka ba ta gaskiya, ya haƙura.

Al'adarmu ta ƙasar Hausa ta saba da wani abu dabam. Da an yaye yaro, ko da ya kai kamar shekara bakwai, sai dangin uba su aiko a ɗauko musu ɗansu. Wani lokaci hakan yakan faru da yardar uwa, domin za ta yi wani aure, ko domin ba ta da halin riƙo, wannan kuwa babu laifi a cikinsa. Abin da muke jan kunne a kai shi ne a ɗauki al'adar a matsayin hukuncin Allah, a fizge yaro da ƙarfi, sannan a hana shi taka ƙofar gidan uwarsa ko da ranar idi. Tirmizi ya ruwaito gargaɗi mai tsanani daga Abu Ayyub Al'ansari a kan mai raba uwa da ɗanta, cewa sakamakonsa shi ne a raba shi da masoyansa ranar alƙiyama. Ita ma uwar da riƙo yake hannunta, idan ta ɓoye yaro ta hana ubansa da danginsa ganinsa don ta huce haushi, ta faɗa cikin cutarwar da ayar Baƙara ta hana. Riƙo amana ce da aka ba mutum don amfanin yaro, ranar da ya mayar da ita sandar dukan abokin gaba ya ci amanar.

Ɗinki da zakkar fidda kai

Ciyar da yaro da tufatar da shi suna wuyan ubansa, ko yaron yana cikin gidansa ko yana gidan kakanninsa a Jiratawa. A mazhabarmu wannan nauyi yana kansa har ɗa namiji ya balaga yana iya nema, ƴa mace kuma har ta tare a gidan mijinta. Arzikin uwa ba ya sauke shi, auren da ta sake yi ma ba ya sauke shi. Idan ita ko mijinta suka ɗinka wa yaron, alheri suka yi, Allah Ya ba su lada, amma bashin uba yana nan inda yake.

Wani zai ce ai sabon ɗinki ranar Salla mustahabbi ne, ba farilla ba. Haka ne. Wanda ba shi da hali, ya wanke wa ƴaƴansa tsofaffin kayansu su sa, babu zunubi a kansa, kuma ba ma goyon bayan cin bashin da ya fi ƙarfin mutum, tunda Hausawa sun ce Salla takan wuce ta bar wawa da bashi. Amma da zarar ka yanko shadda ko atamfa ka ɗinka wa ƴaƴan da ke gabanka, maganar ta tashi daga babin mustahabbi ta koma babin adalci. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya je neman Manzon Allah, Sallallahu alaihi wasallam, ya zama shaida. Da ya tambaya ya ji cewa sauran ƴaƴan ba a ba su irinta ba, sai ya ƙi shaidar, ya kira abin zalunci, ya umurce shi da daidaita ƴaƴansa. Saboda haka idan kuɗinka na yara huɗu ne alhali ƴaƴanka shida, biyu suna wurin uwarsu, sai ka sauko daga yadi mai tsada zuwa mai sauƙi ya ishi shidan. Ƴar da ke Tsibiri ta sami takalmi da ɗankwali da kuɗin kitso da lalle daidai da ƴar da ke ɗakin amarya. Kada a aika mata da ragowar yadi, domin yara suna da ido, kuma ranar Salla za su haɗu su gwada.

Zakkar fidda kai ita ma haka take. Sa'i ɗaya ne a kan kowane kai, wato mudun Annabi huɗu, daga abincin da mutanen gari suka fi ci, kamar gero ko dawa ko masara ko shinkafa. Mutum yana fitar wa kansa da duk wanda ciyarwarsa ta wajaba a kansa. Ke nan uba ne zai fitar wa ƴaƴansa ko suna hannun uwarsu. Sau da yawa akan sami yaron da ba wanda ya fitar masa, saboda kowane ɓangare ya zaci ɗayan ya yi. Malamanmu sun yarda a fitar da ita kwana ɗaya ko biyu kafin idi, don haka akwai sararin da uba zai auna ya kuma sanar da uwar cewa ya sauke. Kada kuma wani ya yi dabarar auna zakkarsa ya aika wa ƴaƴansa a matsayin abincinsu. Ba a ba da zakka ga wanda ciyarwarsa take wuyanka.

Akwai kuma matar da Salla ta riske ta cikin iddar sakin kome. Wannan har yanzu ciyarwarta da tufatarwarta da fidda kanta suna kan mijin, kuma farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da ita daga ɗakinta. Da muna bin wannan hukunci, da yara da yawa sun yi Salla tare da iyayensu duka biyu, da kuma aure da yawa ya gyaru kafin idda ta cika.

Yadda za a tsara kwanakin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar Sallar yara a gama ta tun azumi yana da saura, kafin tela ya rufe karɓar aiki, kada a bari sai daren da aka ga wata a fara kiran waya cikin fushi. Idan iyayen suna iya magana da juna cikin mutunci da kiyaye iyakokin shari'a, su yi. Idan ba sa iyawa, kowane ɓangare ya wakilta mutum ɗaya mai sanyin rai, kamar kawun yaron daga wajen uwa da gwaggonsa ko baffansa daga wajen uba. Abu huɗu za a yanke: wa zai kai yaro wurin tela a gwada shi, ina zai kwana daren Salla, yaushe zai tafi ɗaya gidan, wa zai kai shi wa kuma zai maido shi. A faɗi rana, a faɗi lokaci. Kalmar “sai mun gani” ita ce uwar rigima.

Shagalin Salla a wurinmu ba ya ƙarewa a yini ɗaya, yakan kai kwana biyu ko uku ana ziyara, wannan kuwa rahama ce ga irin waɗannan yara. Ga wani tsari da muke ganin ya dace da yawancin gidaje. Yaro ya kwana inda ya saba kwana, domin nan kayansa suke, nan kuma hankalinsa yake kwance. Idan namiji ne da ya isa zuwa idi, uba ya zo da sassafe ya ɗauke shi, ko ya aiko wansa, su tafi filin idi tare, ya tsaya kusa da ubansa a sahu kamar kowane ɗa, su dawo ya ci tuwon Salla a gidan uban tare da ƴan'uwansa, ya gaida kakanninsa. Da la'asar ko washegari a kai shi wurin uwarsa ya yini da danginta. Idan kuwa a gidan uba yake zaune, to kada rana ta biyu ta faɗi bai ga uwarsa ba, sanye da kayan Sallarsa, domin rabin daɗin ɗinkin a wurin yaro shi ne uwarsa ta gan shi a ciki. Jariri mai shan nono da ƙaramin da bai saba da kowa ba sai uwarsa, ba a ɗauke su a kwana da su wani wuri. Uba ne zai zo ya gan su, a zaure ko a gaban muharramanta.

Nisa ba hujja ba ce ga mutanen wannan yanki. Daga Sabon Gari zuwa Tsibiri ko zuwa Jiratawa ko kilomita 20 ba a kai ba, mutum yana iya zuwa ya dawo tsakanin azahar da la'asar. Wanda yake iya kai ƴaƴansa kallon hawa a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri, yana iya kai su gaida uwarsu. Sai dai a kiyaye: ranakun Salla hanya takan cika da masu gudun ganganci, kada a ɗora ƙaramin yaro shi kaɗai a bayan ɗan kabu-kabun da ba a sani ba, kada kuma a cusa yara a adaidaita ba tare da babba ba. Kuɗin motar kai yaro da maido shi a sa shi cikin lissafi tun farko, uba ne kuma ya fi dacewa ya ɗauka.

Idan ɗaya daga iyayen yana nesa, kamar Yamai ko Damagaram ko Agadas, ko ya ƙetara Katsina ko Kano, to Allah Ya ba mu Salla biyu a shekara, tsakaninsu wata biyu da kwana goma. A ba wani ɓangare ƙarama, a ba ɗayan ta layya, baɗi kuma a juya, don kowa ya ɗanɗana kowace. A ranar da yaro ba ya wurinka, ka kira shi a waya da safe ka yi masa barka da Salla, wanda yake riƙe da shi kuma ya miƙa masa wayar da sakin fuska, ya ba shi wuri ya yi magana. A Sallar layya, ranar rabon nama, kason ƴaƴan da ke wani gida ya riga na maƙwabta fita.

Wannan tsari ba baƙon abu ba ne a duniya. A ƙasashe irin su Faransa alƙalai sukan rubuta wa iyayen da suka rabu yadda za su raba hutun makaranta da ranakun bukukuwa, bana wannan baɗi wancan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta shekarar 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta tabbatar wa yaron da iyayensa suka rabu haƙƙin ci gaba da hulɗa da su duka biyu. Mu kuwa an riga an umurce mu da sada zumunci tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, kuma babu zumuncin da ya kai na uwa da uba.

Matar uba da mijin uwa

Yanzu muna magana da ke, baiwar Allah, da kika tarar da ƴaƴan wata a gidan mijinki, ko za a kawo miki su ranar Salla. Ba ke kika saki uwarsu ba, su ma ba su suka zaɓi wannan hali ba. Ki zuba musu abinci a kwano ɗaya da naki, ki raba nama da idon adalci, idan za a fita yawon Salla su fita tare. Ki tuna cewa ke ma kin haifa, ba ki kuma san a hannun wa naki za su wayi gari ba. Kada ki zama mai zuga miji ya rage abin da zai aika musu. Abin da kika tare daga bakin yaro ba zai yi albarka a tukunyarki ba.

Kai kuma da ka auri bazawara mai ƴaƴa, kalmar agola ta zama abin gori a bakin mutanenmu, alhali mafificin halitta ya riƙi ƴaƴan matansa. Hindu ɗan Abu Halata, ɗan Nana Hadiza, a gidansa ya tashi. Da ya auri Ummu Salama, da ƴaƴanta ta zo. Ɗanta Umar ɗan Abu Salama shi ne ya ba da labarin yadda yana yaro suke ci a akushi ɗaya da Annabi, Sallallahu alaihi wasallam, hannunsa yana yawo a cikin abinci, sai ya koya masa cikin taushi ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. Ladabin cin abincin da muke koya wa ƴaƴanmu har yau, ta bakin agola ya iso mana. Shari'a ba ta wajabta maka ciyar da ɗan wani ba, amma idan ka yi, sunna ka bi. Mafi ƙarancin abin da ake nema gare ka shi ne kada ka hana matarka ganin ƴaƴanta ranar idi, kada kuma ka ɗaure fuska idan sun yi sallama a ƙofarka.

Abin da harshe yake ɓatawa

Ana iya ɗinka wa yaro shadda mai tsada a kuma ɓata masa Salla da kalma ɗaya. Uwa ta ɗaga rigar da uban ya aiko ta ce dubi abin da matsiyacin ubanka ya iya. Uba ya dubi ƴarsa ya ce kin zo da halin uwarki. Kaka ta zaunar da jika tana tambayarsa me aka dafa a can, wa ya zo, me aka saya wa amarya. Yaro rabinsa uwarsa ne rabinsa ubansa, duk wanda ka zaga a cikinsu a gabansa, shi ka zaga. Kuma Allah zai tambaye shi biyayyar su duka biyu idan ya girma. Wanda ya cusa masa ƙin ɗayansu ya koya masa saɓon Allah da bakinsa, sau da yawa kuma abin yakan juyo kan mai koyarwar.

Kada a mayar da yaro ɗan aike a kan maganar kuɗi, a ce je ka gaya wa ubanka in bai aiko ba kada ya ƙara ganinka. Wannan magana ta manya ce, manya za su kai ta. Kada a tsayar da shi a ce ya zaɓa wurin wa yake son yin Salla alhali su biyun suna kallonsa, domin duk wanda ya zaɓa zai kwana da jin ya ci amanar ɗayan. Wanda ya yi hankali a ji ra'ayinsa a keɓe, sannan manya su yanke. Idan ya dawo yana ba da labarin daɗin da ya ji a can, a taya shi murna ko da zuciya tana suya. Idan ya dawo shiru, ko ya yi ta rigima ba dalili, a yi masa uzuri, sauya gida biyu a kwana biyu ba ƙaramin abu ba ne ga ƙaramar zuciya. Kayan da aka ɗinka masa nasa ne, ya tafi da su duk inda za shi, kada a tuɓe masa a bakin ƙofa a ce ba za a kai su gidan wance ba. Kuɗin barka da Salla da ya samo su ma nasa ne. A adana masa ko a saya masa abin amfani da saninsa.

Kuma alkawari ga yaro alkawari ne. Uban da ya ce zai zo da hantsi, yaro ya yi wanka ya sa kaya ya zauna a dakali har magariba bai ga kowa ba, ya sani ya dasa abin da zai daɗe bai tumɓuke ba. In uzuri ya taso, a kira a faɗa, a kuma sa wata rana.

Idan an kasa daidaitawa

Wani lokaci ɗaya ɓangaren yakan ƙi duk wata maslaha. To kada a ɗauki doka a hannu, kada a je a sace yaro daga makaranta ko daga wurin wasa. A fara da dattawan dangi, sannan limamin unguwa da mai unguwa. In abin ya faskara, akwai fadar sarki, akwai malaman Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda aka kafa tun 1974, waɗanda suka saba sasanta irin wannan. Bayansu akwai kotu, kuma dokar ƙasarmu ta ba alƙali damar duba al'amuran aure da saki da riƙon ƴaƴa bisa al'adar masu shari'ar, tare da mashawarta masana al'ada a gefensa. Uwar da aka bar ta da ciyarwa ita kaɗai alhali uban yana da hali, neman haƙƙin ƴaƴanta ba rashin kunya ba ne. Hindu ƴar Utba ta kai kukan ƙwauron mijinta Abu Sufyan gaban Manzon Allah, bai kuwa tsawata mata ba, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ƴaƴanta gwargwadon al'ada. Abin da aka yanke a gaban shaidu a rubuta shi, kowa ya riƙe kwafinsa, don kada a sake sabon zama kowace Salla.

Mu ma sauran jama'a muna da namu kaso. Ummu Aɗiyya ta ruwaito cewa da aka umurci mata su fita idi, aka ce wata ba ta da mayafi, sai Annabi, Sallallahu alaihi wasallam, ya ce ƴar'uwarta ta ara mata nata. Manufa ita ce kada rashin tufa ya tsare Musulmi a ɗaka ranar farin cikin Musulmi. Kowannenmu ya san gida ɗaya a layinsu inda bazawara take zaune da ƴaƴa ba mai leƙo su. Ka ƙara yadi biyu a kan na ƴaƴanka, ka aika a asirce ta hannun iyalinka. Mai ɗinki ya sassauta mata, mai kitso ta yi wa ƴarta ko da bashi. Limamai kuma su tuna wa iyaye maza wannan nauyi a cikin waɗannan darare, tun lokaci bai ƙure ba.

Ya kai uba, ya ke uwa, kun kusan cika wata guda kuna barin ci da sha, waɗanda halal ne, saboda Allah. Barin gaba na kwana uku saboda ɗan da kuka haifa bai fi wannan wuya ba. Muslim ya ruwaito cewa ana bijiro da ayyuka ranar Litinin da Alhamis a gafarta wa bayi, amma a jinkirta wa mutum biyu masu gaba har sai sun shirya. Ba wanda ya ce lalle ku mayar da aure. Abin da ake nema shi ne sallama, da cika alkawari, da kame baki. Wanda ya fara ɗaga waya ko ya fara tura ɗan aike a daren nan, shi ne ya fi lada.

Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya sa muna cikin ƴantattun wannan wata. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya tausayin ƴaƴanmu a zukatanmu, Ya daidaita tsakanin ma'aurata, waɗanda suka rabu kuma Ya musanya wa kowa da mafi alheri. Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya nuna mana Salla lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.